Dabarun Haɗa Bidiyo Daga Wurare Masu Sosa Rai a Finafinan Zane Mai Motsi

1.0 Gabatarwa

Finafinan zane mai motsi, waɗanda aka fi sani da katun, sun daɗe da wuce matsayin abin ba yara dariya kawai. Tun daga ƙarshen shekarun 1930 masu shirya su suka fara sanya wurare masu sosa rai a cikinsu, irin su mutuwar iyaye da rabuwar aminai da tsufa da kewar gida. Daga baya sai masu sha'awar waɗannan finafinai suka ɓullo da wata al'ada ta yanko irin waɗannan wurare daga finafinai daban-daban, su jera su a kan kiɗa ko waƙa guda, su fitar da gajeren bidiyo na 'yan mintuna.

An sanya wannan batu a cikin kwas ɗin Hausa ne saboda aikin yana buƙatar ainihin abubuwan da ake koyarwa a nazarin adabi, wato jigo da zubi da tsari da salo, sannan yana buƙatar ƙwarewa a fassara. Babban abin da darasin zai nuna shi ne, wuri mai sosa rai ba ya tafiya da tausayinsa idan aka cire shi daga labarin da ya haife shi. Wajibi ne mai haɗawa ya sake gina masa wani sabon tushe, in ba haka ba abin da zai samu tarin hotunan kuka ne wanda ba ya motsa kowa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana ma'anar bidiyon haɗi da taƙaitaccen tarihinsa;
(b) fito da dabarun da ke sa wani wuri a fim ya sosa rai;
(c) nuna yadda jerantawa ke haifar da ma'ana a hoto kamar yadda take yi a jumla;
(d) tsara bidiyon haɗi na minti uku a kan jigo guda;
(e) amfani da shi a aji ba tare da keta haƙƙin mallaka ko cutar da ɗalibai ba.

3.0 Ma'anar Bidiyon Haɗi da Tarihinsa

Bidiyon haɗi, wanda matasa ke kira rimiks, shi ne sabon bidiyon da ake samarwa ta hanyar yanko gutsattsari daga wasu finafinan da aka riga aka shirya, a sake jera su, a ɗora musu wani sauti, domin isar da wani saƙo. Mai haɗawa ba ya zana hoto, ba ya ɗaukar sabo. Gudummawarsa ta taƙaita ga abubuwa uku: zaɓe da jerantawa da daidaita hoto da sauti.

Wannan al'ada ta samo asali ne a Amurka. A shekarar 1975 wata mai sha'awar shirin talabijin na Star Trek, Kandy Fong, ta jera tsayayyun hotuna daga shirin tana haska su a bango tare da waƙa. A ɓangaren zane mai motsi kuwa, ana yawan ambaton Jim Kaposztas, wanda a shekarar 1982 ya haɗa na'urorin kaset ɗin bidiyo guda biyu, ya kwafi wuraren yaƙi daga wani katun na ƙasar Japan mai suna Star Blazers, ya ɗora musu wata waƙar soyayya ta ƙungiyar Beatles. Saɓanin da ke tsakanin hoton yaƙi da kalaman ƙauna shi ne saƙon. Ke nan tun farkon al'amarin ma'ana tana fitowa ne daga haɗin.

Yaɗuwar kwamfuta ta sauƙaƙa aikin. A shekarar 2000 kamfanin Microsoft ya fito da manhajar Windows Movie Maker, wadda mutane da yawa suka koyi tace hoto da ita kafin a daina samar da ita a 2017. Kafa dandalin YouTube a 2005 ya ba masu wannan aiki wurin baje kolinsu. A yau ana yin sa da manhajojin kwamfuta irin su DaVinci Resolve da Shotcut da Kdenlive, ko na wayar hannu irin su CapCut da KineMaster.

4.0 Abubuwan da Ke Sa Wuri Ya Sosa Rai

Kafin a yanki wani wuri a fim, ya kamata a san dalilin da ya sa yake ratsa zuciya. Idan aka nazarci fitattun misalai za a ga dabaru huɗu suna maimaituwa.

Ta farko ita ce shaƙuwa kafin rashi. A fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney (1994), ɗan zaki Simba ya tarar da gawar mahaifinsa Mufasa bayan garken namun daji ya bi ta cikin kwazazzabo a guje. Ya yi ƙoƙarin tashinsa bai tashi ba, sai ya shiga ƙarƙashin hannunsa ya kwanta. Wannan kwanciya tana da ciwo ne domin mai kallo ya riga ya ga uban da ɗan suna wasa da hira a baya.

Ta biyu ita ce ɓoyewa. A fim ɗin Bambi (1942), ba a nuna mutuwar uwar ɗan barewar ba. Ƙarar bindigar maharbi kawai ake ji, sai a ga ɗan yana yawo cikin dusar ƙanƙara yana kiran uwarsa. Mai kallo ne ke ƙarasa abin da ya faru a cikin zuciyarsa, wanda hakan ya fi a nuna masa jini.

Ta uku ita ce ƙarancin magana. A farkon fim ɗin Up na kamfanin Pixar (2009), an nuna rayuwar auren Carl da Ellie tun daga ranar biki har zuwa rasuwar matar a cikin kimanin minti huɗu, ba tare da kalma ko ɗaya ba. Kiɗan Michael Giacchino ne ya ɗauki nauyin labarin, kuma ya sami lambar yabo ta Oscar a kan kiɗan wannan fim a 2010. Haka kuma a Dumbo (1941), uwar giwa da aka kulle ta miƙo hancinta ta tsakanin ƙarafunan keji tana lallashin ɗanta, ba tare da su biyun sun furta komai ba.

Ta huɗu ita ce ɗora tausayi a kan wani ƙaramin abu. A fim ɗin Grave of the Fireflies (1988) na Isao Takahata, wanda ya ba da labarin wani yaro da ƙanwarsa a birnin Kobe na Japan a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, gwangwanin alewa ne ke bin labarin daga farko har ƙarshe. Da shi yayan ke rarrashin ƙanwar lokacin yunwa, a cikinsa kuma ya zuba tokarta bayan ta rasu.

Abin lura a nan shi ne, dabara ta farko da ta huɗu sun dogara kacokan ga abin da ya gabata a labari. Wanda bai san tarihin gwangwanin ba, gwangwani kawai zai gani. Wannan ita ce matsalar da mai haɗa bidiyo zai fara warwarewa.

5.0 Jerantawa da Samuwar Ma'ana

Ɗalibin harshe ya san cewa jerin sassan zance yana sauya ma'ana. A dubi waɗannan jumloli:

(i) Yaro ya yi kuka, uwarsa ta dawo.
(ii) Uwarsa ta dawo, yaro ya yi kuka.

Kalmomin ɗaya ne, amma a jumla ta farko kukan na kewa ne, dawowar uwa ce ta kawo ƙarshensa. A ta biyu kuwa dawowar ce ta jawo kukan, ko dai na murna ko na tsoron hukunci. Babu kalmar da ta faɗi haka, mai sauraro ne ya ƙulla sababi tsakanin sassan biyu saboda yadda suka biyo juna.

Haka hoto yake. A wajajen shekarar 1920 wani masanin fim ɗan ƙasar Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya riƙa haɗa ta da hotuna daban-daban. An ruwaito cewa da aka haɗa ta da kwanon miya masu kallo sun ga yunwa a fuskar, da aka haɗa ta da akwatin gawa kuma suka ga baƙin ciki, alhali fuskar ba ta sauya ba. Ke nan gutsure a bidiyo tamkar kalma ne a jumla, maƙwabtansa ne ke tantance abin da yake nufi.

Wani fitaccen mai tace finafinai ɗan Amurka, Walter Murch, ya jera abubuwa shida da ake dubawa kafin a yanke hoto, ya ba kowanne kaso gwargwadon muhimmancinsa. Motsin zuciya ya ba shi kashi 51 cikin 100, ci gaban labari kashi 23, kari ko tafiyar lokaci kashi 10, sauran ukun da suka shafi inda idon mai kallo yake da kuma matsayin abubuwa a fili suka raba ragowar kashi 16. Darasin da ke cikin wannan rabo shi ne, idan dole sai an sadaukar da wani abu, to a sadaukar da ƙawa a bar tausayi.

6.0 Matakan Haɗa Bidiyon

6.1 Tsayar da Jigo

Mataki na farko ana yin sa ne a takarda, tun ba a kunna kwamfuta ba. Mai haɗawa zai rubuta jigonsa a jumla ɗaya. "Wurare masu ban tausayi" ba jigo ba ne, domin ya yi faɗi da yawa, zai kuma haifar da gamin-gambiza. Jigo shi ne irin wannan: "Wanda ya rabu da mahaifi yana shan wuya, amma yana iya tashi ya tsaya da ƙafarsa." Da wannan jumla za a auna kowane gutsure. Wanda bai yi mata hidima ba sai a ajiye shi, komai kyansa.

6.2 Zaɓen Gutsattsari

Za a kalli finafinan da aka zaɓa, a rubuta sunan fim da minti da daƙiƙar da kowane wuri ya fara da inda ya ƙare, da abin da ke faruwa a cikinsa. Bidiyon minti uku daƙiƙa 180 ne. Idan matsakaicin tsawon gutsure daƙiƙa shida ne, ana buƙatar gutsattsari 30. Ga mai koyo, finafinai uku ko huɗu sun wadatar, domin idan taurari suka yi yawa mai kallo ba zai sami damar shaƙuwa da ko ɗaya ba. Wajibi ne kuma a zaɓi wuraren farin ciki kamar yadda ake zaɓen na baƙin ciki.

6.3 Zubi da Tsari

Idan aka ɗauki jigon da ke sama, ana iya kasa bidiyon gida huɗu:

(a) Shaƙuwa, kimanin daƙiƙa 50: uwar Dumbo tana yi masa wanka, Mufasa yana nuna wa Simba faɗin ƙasarsu da fitowar rana, Bambi yana bin uwarsa a makiyaya.
(b) Barazana, kimanin daƙiƙa 35: uwar Bambi ta ɗaga kai ta ji motsi, garke ya fara gangarowa, ma'aikata sun ɗaure uwar Dumbo.
(c) Rashi, kimanin daƙiƙa 55: Bambi cikin ƙanƙara; hancin giwa ta tsakanin ƙarafa; Simba a ƙarƙashin hannun mahaifinsa.
(d) Juriya, kimanin daƙiƙa 40: Dumbo ya koma wurin uwarsa, Simba yana hawan dutsen sarauta cikin ruwan sama, Bambi ya girma yana tsaye a kan tsauni.

Za a lura cewa kashi na (a) shi ne ya maye gurbin dogon labarin da aka yanke. Shi ne sabon tushen da aka ambata a gabatarwa. Haka kuma, jera labarai uku kafaɗa da kafaɗa yana sa mai kallo ya ɗauke su tamkar labarin maraya guda.

6.4 Sauti

Ana fara shimfiɗa kiɗa a manhaja, sannan a ɗora hoto a kansa. Kiɗa mai taushi wanda ba shi da waƙa ya fi dacewa da aji, domin kalmomin waƙa sukan yi gasa da hoto. Idan kiɗan yana bugu 60 a minti, kowane bugu daƙiƙa ɗaya ke nan, sai a riƙa sauya hoto bayan bugu huɗu ko takwas. Yawanci maganar taurari da kiɗan asali a cakuɗe suke, don haka ya fi sauƙi a rufe sautin asali gaba ɗaya, sai a wurare ɗaya ko biyu, kamar ƙarar bindiga a Bambi. Bayan irin wannan ƙara yana da kyau a ɗauke kiɗa na daƙiƙa biyu ko uku. Shiru a nan yana aikin da aya ke yi a rubutu.

6.5 Yanka da Haɗi

A kashin barazana ana gajarta gutsattsari domin zuciya ta tsinke, a kashin rashi kuma a tsawaita su domin ido ya zauna a kan fuska. Yana da kyau motsi ya bi hanya ɗaya: idan tauraro ya gudu zuwa dama a wannan gutsure, na gaba ma ya nufi dama. Narkar da hoto cikin wani yana nuna wucewar lokaci, dusashewa zuwa baƙi kuma tana nuna ƙarshen kashi. Sauran ƙawace-ƙawacen da manhajoji ke bayarwa, irin su juya hoto da walƙiya, suna kashe tausayi.

Akwai matsaloli biyu da suka keɓanta ga zane mai motsi. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma a zanen hannu sau da yawa ana nuna zane ɗaya sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Saboda haka idan aka rage saurin irin wannan gutsure da yawa, motsin zai riƙa tsalle. Na biyu, tsofaffin finafinai irin su Bambi da Dumbo faɗin hotonsu bai kai na allon zamani ba. Kada a ja hoton don ya cika allo, domin fuskoki za su baje. A bar baƙin fili a gefe da gefe.

6.6 Rubutun Hausa a Ƙasan Allo

Idan an bar wata magana, sai a fassara ta a rubuta a ƙasan allo, layi biyu mafi yawa, kowane layi kada ya wuce kimanin harafi 40. A kula da yadda taurari ke kiran juna: ɗa zai ce Baba ko Inna, bafade kuma zai ce ranka ya daɗe. A kuma tabbatar salon harafin da aka zaɓa yana fitar da ɓ da ɗ da ƙ, domin rashin lanƙwasa na iya mayar da baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa.

7.0 Haƙƙin Mallaka

Finafinai da kaɗe-kaɗe dukiyar waɗanda suka shirya su ce. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta ba da damar amfani da wani yanki na aikin wani bisa adalci don dalilai irin su nazari da sharhi. Ana duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar aikin. Saboda haka nuna gajeren haɗi a aji don koyarwa ya sha bamban da sayar da shi ko ɗora shi a intanet don neman kuɗi. Tun 2007 YouTube ke amfani da wani tsari mai suna Content ID, wanda ke gano hoto ko sautin da ke da mai shi, ya ba mai haƙƙin damar toshe bidiyon ko karɓar kuɗin tallarsa.

Hanya mafi aminci ga mai koyo ita ce amfani da finafinan da masu su suka yarda a sarrafa. Gidauniyar Blender da ke ƙasar Holan ta fitar da irin waɗannan a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, bisa sharaɗin a ambaci masu aikin. Daga ciki akwai Sintel (2010), gajeren fim na kimanin minti 15, labarin wata yarinya da ta raini ɗan dodo mai fukafukai, aka sace shi, ta shafe shekaru tana nemansa, daga ƙarshe ta kashe shi da hannunta ba tare da ta gane shi ba sai bayan ta ga tabon da ke fiffikensa. A kowane hali, a rubuta sunayen finafinai da na kiɗan da aka yi amfani da su a ƙarshen bidiyo.

8.0 Amfani da Bidiyon a Aji

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Malami na iya nuna bidiyon ya nemi ɗalibai su faɗi jigonsa a jumla ɗaya, sannan ya nuna wani haɗin da aka birkita jerinsa su kwatanta, ta haka za su gane bambancin jigo da tsari a aikace. Yana kuma iya neman su kwatanta marayan waɗannan finafinai da marainiyar tatsuniyoyin Hausa, wadda ita ma takan sha wuya kafin ta sami ɗaukaka, ko su rubuta insha'i a kan abin da suka gani.

Sai dai akwai buƙatar hattara. Da wuya a sami ajin da babu yaron da ya rasa uwa ko uba, wani ma kwanan nan. Bai kamata malami ya nuna hoton mutuwar iyaye ba tare da ya san ajinsa ba. Ya sanar da ɗalibai abin da za su gani tun kafin ya kunna, ya ba wanda ke son fita dama ba tare da tambayarsa dalili a gaban jama'a ba, ya kuma tabbatar bidiyon ya ƙare da juriya. Fim irin Grave of the Fireflies bai dace da 'yan firamare ba. Zubar hawayen ɗalibai ba ita ce shaidar nasarar darasi ba, shaidar ita ce su iya bayyana dabarar da ta jawo hawayen.

9.0 Kammalawa

A wannan darasi an bayyana ma'anar bidiyon haɗi da tarihinsa, an fito da dabaru huɗu da ke sa wuri ya sosa rai, an kuma nuna cewa jerantawa ce ke haifar da ma'ana a hoto kamar yadda take yi a jumla. An bi matakan aikin tun daga tsayar da jigo har zuwa rubutun ƙasan allo, sannan aka taɓo haƙƙin mallaka da ladubban nuna bidiyon a aji. Ɗalibin da ya iya gina shaƙuwa cikin daƙiƙa 50 kafin ya nuna rashi, ya fahimci abin da ake nufi da zubi da tsari, zai kuma iya koyar da shi a ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo.

Auna Fahimta

1. Mene ne bidiyon haɗi? Kawo abubuwa uku da suka zama gudummawar mai haɗawa.
2. Bayyana dabaru huɗu da ke sa wuri ya sosa rai, tare da misali ga kowace.
3. Ƙirƙiro jumloli biyu na Hausa masu kalmomi iri ɗaya waɗanda jerin sassansu ya bambanta ma'anarsu, sannan ka danganta su da gwajin Kuleshov.
4. Kalli fim ɗin Sintel, ka tsara a takarda bidiyon haɗi na minti biyu daga cikinsa, ka nuna jigo da kashe-kashe da tsawon kowane gutsure.
5. Waɗanne matakai malami zai ɗauka kafin ya nuna irin wannan bidiyo ga ajin da ke da marayu?